GARKUWAR ARO: MAGANIN DA BA YA SAMUWA SAI WANI YA BAYAR

Akwai wata irin takarda da muka saba gani a 'yan shekarun nan, wato takardar neman taimako. Akan kawo ta bayan an tashi sujada, ko a taron zumuntar mata, ko kuwa a gan ta a manne a ƙofar kanti, da hoton yaro ko yarinya a sama, a ƙasa kuma an rubuta cewa likitoci sun ce sai an yi dashen ɓargo, ga kuma miliyoyin nairorin da ake nema. Jama'a kuwa ba su gaza ba. Mun ga gwauruwa ta kwance bakin zanenta, mun ga ɗan acaɓa ya miƙa cinikinsa na yini guda. Idan kuɗi suka haɗu aka yi dashen, sai a rangaɗa guɗa, kowa ya koma gida yana cewa an gama.

To, 'yan'uwa, ba a gama ba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Likitocin wannan fanni sun san cewa kwanaki 100 na farko bayan dashe suna cike da haɗari, kuma cikin manyan abokan gāban majinyaci a wannan lokaci akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyin cuta irin na bairas, waɗanda yawancinmu muke yawo da su a jikinmu ba tare da mun sani ba. A kan wata hanya da masana suka ɓullo da ita domin yaƙar waɗannan ƙwayoyi za mu yi magana a yau, wato ɗebo sojojin garkuwar jiki daga jinin mai lafiya a ɗura wa marar lafiya. Ra'ayinmu kuwa a fili yake: wannan magani ne da kuɗi kaɗai ba sa samar da shi, sai an sami mai bayarwa. Jama'ar da ba ta saba ba da jininta ba, ba za ta ci moriyarsa ba ko da an kawo mata injunan har ƙofar gida.

Bari mu soma daga tushe. Ɓargon da ke cikin ƙashi shi ne gonar jini. A cikinsa ne ake samun ƙwayoyin asali, waɗanda suke haifar da jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska, da fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, da kuma masu sa jini ya daskare idan mutum ya ji rauni. Idan gonar ta lalace, kamar a sankarar jini, ko kuwa tana ba da irin da ba shi da kyau, kamar a cutar sikila wadda muke kira amosanin jini, sai likitoci su share ta da magunguna masu ƙarfi, wani lokaci har da gashi, sa'an nan su ɗura ƙwayoyin asali na wani mutum ta jijiya. Waɗannan ƙwayoyi su da kansu suke neman hanya su shiga cikin ƙashi su kama aiki.

Wannan aiki ba sabo ba ne. A 1968 aka yi nasarar dasa wa wani jariri ɓargon 'yar'uwarsa a jihar Minesota ta Amurka, a ƙarƙashin Dokta Robert Good. Dokta E. Donnall Thomas, wanda ya shafe shekaru yana share fagen wannan ilmi, ya sami lambar yabo ta Nobel a 1990. A 1984 aka ba da labarin wata yarinya da aka yi wa dashe a asibitin yara na St. Jude da ke birnin Memfis saboda sankarar jini, sai ga shi sikilar da take fama da ita ta tafi tare da sankarar. A nan Nijeriya kuwa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ne ya fara yin dashen ga mai sikila a 2011, a ƙarƙashin Dokta Nosakhare Bazuaye, sa'an nan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya bi sahu a 2024. Ƙasar da ake haihuwar jarirai wajen 150,000 masu sikila kowace shekara, wadda kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake ɗauke da rabin irin cutar, ba za ta ce maganar dashen ɓargo ta Turawa ce kaɗai ba.

Ina matsalar take? Sa'ad da aka share tsohon ɓargo, garkuwar jikin mutum takan tafi tare da shi. Waɗansu fararen ƙwayoyin jini sukan dawo cikin mako biyu zuwa huɗu, amma akwai wani rukuni da ake kira ƙwayoyin T, waɗanda su ne ƙwararru wajen gane bairas da hallaka duk wata ƙwayar jiki da ya ɓuya a cikinta. Su waɗannan ba sa dawowa da wuri. Sukan ɗauki watanni, a wurin manya ma har fiye da shekara, domin wani ɗan ƙullutu da ke bayan ƙashin ƙirji inda ake horar da su yakan motse yayin da mutum yake manyanta. Bugu da ƙari, dole ne likita ya ba da magungunan danne garkuwa, don kada ƙwayoyin baƙon da aka dasa su juya su far wa fata da hanta da hanjin mai gida. Ke nan majinyaci yana nan kamar gari ne da aka rushe ganuwarsa, aka kuma sallami dogarai. In bango ya tsage kuwa, ƙadangare ya sami wurin shiga.

A gaskiya ma ɓarayin ba daga waje suke zuwa ba, yawancinsu 'yan gida ne. Akwai bairas ɗin da ake kira CMV, wanda mafi yawan manya a ƙasashenmu sun kamu da shi tun suna yara, ya kwanta shiru a jiki har tsawon rai. Idan garkuwa ta faɗi sai ya farka, ya kama huhu, ko hanji, ko idanu. Akwai EBV, wanda fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan duniya suke ɗauke da shi. Shi kuma yakan sa waɗansu fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har su zama sankarar kaluluwa. Akwai adeno, wanda ga mai lafiya mura ce ko ciwon ido ko gudawa, amma ga yaron da aka yi wa dashe yana iya bazuwa ko'ina ya kashe. Akwai kuma BK, mai sa mafitsara ta yi ta zubar da jini da zafi mai tsanani.

Shi EBV ɗin nan ma a nahiyarmu aka gano sawunsa. Dokta Denis Burkitt ne ya lura da wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara a ƙasar Yuganda, ya rubuta bayaninsa a 1958. Daga naman irin wannan ƙari da aka aika Landan ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga bairas ɗin a 1964. Wato tun farko jikin yaran Afirka ne ya buɗe wa duniya wannan ƙofa ta ilmi. Mu riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa.

Mai karatu zai ce, to ba akwai magunguna ba? Akwai, amma kowanne da nasa cizon. Ganciclovir yana danne CMV, amma yana danne sabon ɓargon da ake lallaɓawa ya tsiro. Foscarnet da cidofovir suna wahalar da ƙoda. A 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da letermovir domin rigakafin CMV, ya kuma taimaka ƙwarai, amma CMV kaɗai yake tarewa. Rituximab yana maganin sankarar da EBV ke jawowa a wurin mutane da yawa, amma ba duka ba. Babban abin lura kuma shi ne, duk waɗannan magunguna riƙe ɓarawo kawai suke yi. Muddin dogaran gari ba su dawo ba, da zarar an janye magani ɓarawo yana iya sake tashi, wani lokaci ma ya riga ya saba da maganin.

Daga nan ne tunani ya zo: tun da rashin sojoji ne matsalar, me zai hana a aro sojoji daga wanda ya ba da ɓargon? A 1994 likitocin asibitin sankara na Memorial Sloan Kettering da ke birnin New York suka ba da rahoton majinyata 5 masu sankarar EBV bayan dashe, waɗanda aka ɗura musu fararen ƙwayoyin jinin masu ba su ɓargo haka nan ba tare da an tace ba. Sankarar ta baje a jikin dukansu, amma 2 sun rasu saboda matsalar numfashi, waɗansu kuma ƙwayoyin baƙon suka taɓa jikinsu. Darasin a bayyane yake: rundunar da ba a tantance ba takan kashe ɓarawo, takan kuma taɓa mai gida.

Saboda haka sai aka koma ga tantancewa. A cibiyar Fred Hutchinson da ke birnin Siyatil, Stanley Riddell da Philip Greenberg suka ɗebi jinin mai ba da ɓargo, suka ware ƙwayoyin T waɗanda CMV kaɗai suka sani, suka rene su a ɗakin gwaje-gwaje har suka kai miliyoyi, sa'an nan suka ɗura wa majinyata. Sun ba da labarin mutum 3 na farko a 1992. A 1995 suka ba da na mutum 14, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da CMV ya tasar masa. Dabarar ita ce, sojan da aka horar ya gane fuskar ɓarawo ɗaya ba shi da ruwa da mai gida, abokin gābansa kawai yake nema.

A wannan shekara ta 1995 kuma, Cliona Rooney da Helen Heslop da Malcolm Brenner suka yi irin wannan aiki a kan EBV a asibitin St. Jude. Da suka tattara sakamakon shekaru suka buga a 2010, majinyata 114 ne suka karɓi ƙwayoyin. Daga cikin 101 da aka ba su domin rigakafi, babu ko guda da ya kamu da sankarar. Daga cikin 13 da aka ba su bayan cutar ta riga ta bayyana, 11 sun warke sarai. Abin mamaki kuma, sun yi wa waɗansu ƙwayoyin alama kafin su ɗura su, sai aka same su a jinin majinyata har bayan shekara 9. Ƙwayar magani takan narke ta fita daga jiki cikin sa'o'i, amma wannan magani mai rai ne, yana hayayyafa idan ya ga abokin gāba, yana kuma zama ya yi gadi.

Duk da haka akwai cikas iri biyu. Na fari, lokaci. A tsohuwar hanya renon ƙwayoyin yakan ci wata biyu zuwa uku, alhali wanda adeno ya bazu a jikinsa ba shi da wata biyu. An dai rage wannan lokaci zuwa kwana 10 ko makamancin haka, akwai ma hanyoyin tsamo ƙwayoyin kai tsaye daga jini cikin kwana ɗaya ko biyu, amma duk suna bukatar ɗakin aiki mai tsananin tsabta da ƙwararrun ma'aikata. Na biyu, idan mai ba da ɓargon bai taɓa kamuwa da wannan bairas ba, to ba shi da sojan da ya san fuskarsa. Haka abin yake idan daga jinin mahaifa da cibiyar jariri aka ɗebo ƙwayoyin asali, domin jariri bai riga ya ga duniya ba.

Maganin wannan cikas shi ne rumbu. A ɗebi jinin mutane masu lafiya waɗanda ba su da wata dangantaka da majinyaci, a rene ƙwayoyinsu tun kafin a bukace su, a daskarar a ajiye. Ranar da bukata ta taso sai a duba wanda alamomin jikinsa suka yi kusa da na majinyaci, a narkar a ɗura. Masu bincike a birnin Edinbara na Sikotlan sun ba da rahoton majinyata 33 masu sankarar EBV a 2007, yawancinsu waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ko hanta da makamantansu, kuma bayan wata 6 kashi 52 cikin 100 sun sami sauƙi. A 2013 Ann Leen ta kwalejin likitanci ta Baylor da ke Hustan tare da abokan aikinta suka gwada rumbu a kan majinyata 50 masu CMV ko EBV ko adeno waɗanda magunguna suka kāsa, kashi 74 cikin 100 suka warke ko suka sami sauƙi cikin mako 6. A 2017 aka gwada ƙwayoyin da suka san bairas iri biyar a kan majinyata 38, aka sami kashi 92 cikin 100. Su waɗannan sojojin rumbu ba sa daɗewa a jiki kamar na mai ba da ɓargo, amma sukan riƙe gari har dogaransa su dawo.

Amma fa kada mu faɗi mai daɗi mu ɓoye mai ɗaci. A watan Disamba na 2022 Tarayyar Turai ta amince da wani magani irin wannan mai suna Ebvallo, domin masu sankarar EBV bayan dashe waɗanda maganin farko bai yi musu aiki ba. A gwajin da aka dogara da shi, wajen rabin majinyata ne suka amfana. Shekara guda bayan haka, a watan Disamba na 2023, kamfanin AlloVir ya dakatar da manyan gwaje-gwaje guda uku na nasa maganin mai yaƙar bairas iri-iri, domin masu sa ido sun duba alƙaluma sun ga da wuya ya cim ma abin da aka sa masa a gaba. Dalilin da ya sa wannan labari yake da muhimmanci shi ne, ƙananan gwaje-gwajen farko ba su kwatanta waɗanda aka ba ƙwayoyin da waɗanda ba a ba su ba, alhali kuwa waɗansu majinyata sukan warke da kansu yayin da garkuwarsu take dawowa. Sai an jera rukuni biyu gefe da gefe ake gane aikin magani na gaskiya.

Mu kam wannan dakatarwa ba ta rage mana daraja ga masu wannan ilmi ba, ƙara mana ta yi. Mutanen da suka zuba kuɗi da shekaru a kan abu, sa'an nan suka fito suka ce lissafi bai fita ba, sun fi cancantar a amince da su fiye da mai maganin da bai taɓa kāsawa ba a bakinsa. Muna faɗin haka ne domin a garuruwanmu akwai masu yawo da 'yan ƙunshe-ƙunshen gari da kwalabe, suna cewa wai ƙwayoyin asali ne a ciki, suna warkar da sikila da sukari da hawan jini gaba ɗaya. Har cikin harabar wuraren ibada sukan shigo da tallarsu. Jama'a, ƙwayar asali abu ne mai rai, a cikin tsananin sanyi ake ajiye ta, ta jijiya ake ba da ita, kuma sai an gwada ta dace da jikin mai karɓa. Abin da aka kaɗa a ruwa aka sha, ciki ne zai narkar da shi kamar kunu. Kada iyayen da suke cikin wahala su sayar da gona saboda gari a leda.

Mun san waɗansu za su ce, ina ruwanmu da wannan magana mai nisa, ga zazzaɓin cizon sauro yana ɗauke mana yara, ga mata suna mutuwa wajen haihuwa saboda rashin leda ɗaya ta jini? Wannan tambaya ce mai nauyi, ba kuwa za mu raina ta ba. Gaskiya ne, idan aka ba mu zaɓi tsakanin ɗakin renon ƙwayoyin T guda ɗaya da gidan sauro da ruwa mai tsabta ga ƙananan hukumomi goma, za mu zaɓi na biyun ba tare da jinkiri ba. Amma muna da amsa iri biyu.

Amsa ta fari, maganar ba ta da nisa kamar yadda ake zato, domin 'ya'yanmu sun riga sun shiga layin dashe, waɗansu a gida, da yawa kuma a Indiya da sauran ƙasashe. Yanzu ma ana yi wa masu sikila dashe daga uwa ko uba, wato wanda rabi kawai ya dace, kuma irin wannan dashe yana bukatar danne garkuwa sosai, don haka farkawar bairas ba baƙon abu ba ne a cikinsa. Saboda haka duk iyalin da suke shirin wannan tafiya, da duk kwamitin da yake tara musu gudummawa, ya kamata su yi wa asibiti tambayoyi tun kafin su biya ko sisi. Shin an gwada majinyaci da mai bayarwa an ga ko suna ɗauke da CMV? Sau nawa za a riƙa auna bairas a jini bayan dashe, tun da a manyan cibiyoyi kowane mako ake yi a watannin farko? Idan bairas ya farka, wane magani ne a hannu, kuma kuɗinsa yana cikin lissafin da aka ba mu? Idan magani ya kāsa, akwai hanyar samun ƙwayoyin T? Wane likita ne zai karɓi yaron idan an dawo gida, a ina kuma za a riƙa yin gwajin? Ba a fafe gora ranar tafiya. Gudummawar da ta ƙare a ranar dashe ta raka yaro ne zuwa tsakiyar kogi ta juyo.

Amsa ta biyu ita ce zuciyar maganarmu. Dashen ɓargo da ƙwayoyin T duka suna tafiya ne bisa waɗansu alamomi da ke jikin ƙwayoyin kowane mutum, waɗanda ake kira HLA. Gādonsu ake yi, rabi daga uwa rabi daga uba, shi ya sa tsakanin 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya damar dacewa gaba ɗaya ɗaya ce cikin huɗu. Wanda bai samu a gida ba sai ya nema a rajistar masu bayarwa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2014 ya nuna cewa farar fata ɗan asalin Turai yana da damar kashi 75 cikin 100 ta samun wanda ya dace da shi sarai a rajistar ƙasar, amma baƙar fata bai kai kashi 20 ba. Dalili biyu ne: mutanen Afirka sun fi kowa yawan bambancin waɗannan alamomi, sa'an nan kuma mun yi ƙaranci a rajista. Ko da yake ƙwayoyin rumbu ba sa bukatar dacewa gaba ɗaya, ana gina kowane rumbu ne bisa alamomin da suka fi yawa a tsakanin mutanen da zai yi wa aiki. Rumbun da zai fi dacewa da ɗan Kagoro ko ɗan Biliri ko 'yar Zuru, daga jinin maƙwabtansu za a gina shi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ga kuma abin da ya kamata ya ƙarfafa mu. Tun da mafi yawanmu mun haɗu da CMV da EBV da adeno tun muna yara muka kuma rinjaye su, kusan kowane baligi mai lafiya a cikinmu yana yawo da horarrun sojojin nan a jininsa. Wato abin da ake kashe maƙudan kuɗi a rena a Hustan, asalinsa yana nan a jijiyar manomi da malamin makaranta da mai sayar da ƙosai. A dā jikin yaranmu marasa lafiya ne ya koya wa duniya sanin EBV. Ba zai yi kyau a ce yanzu da magani ya fito, jinin masu lafiyarmu ne ya yi ƙaranci ba.

Amma yaya halinmu yake game da ba da jini? Kowa ya sani. Sai ɗan'uwa yana kwance ake bin dangi ana roƙo, idan ba a samu ba a nemi masu sayarwa a bakin asibiti, ko da yake Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin jini da sassan jiki. Wani ya ce jininsa ba zai dawo ba, wani ya ce zai rasa ƙarfinsa, wani kuma ya ce za a kai jinin a yi tsafi da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa jinin da ya fi aminci shi ne na mai bayarwa don ra'ayin kansa, a kai a kai, ba don kuɗi ba. Wannan mutum ɗin, wanda aka san lafiyarsa aka kuma saba gwada jininsa, shi ne zai ceci mai naƙuda yau, shi ne kuma tubalin rumbun ƙwayoyin T gobe. Ashe ke nan matakin farko na maganar da ake cewa ta yi nisa, shi ne dai matakin farko na maganar da take kusa.

Mu kuma kawar da tsoro. Shiga rajistar masu ba da ɓargo ba ya wuce a goga auduga a cikin kumatu ko a ɗebi ɗan jini kaɗan, kuma akwai irin wannan rajista a ƙasar nan, wadda aka buɗe a Enugu a 2012. Idan an kira mutum, yawanci allura ake yi masa ta kwana huɗu ko biyar domin ƙwayoyin asali su fito cikin jini, sa'an nan inji ya tace su ya mayar masa da sauran jininsa. A wata hanyar kuma akan zuƙo ɓargon daga ƙashin ƙugu bayan an sa mutum barci, jiki kuwa ya mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni. Ba a fasa ƙashin kowa, ba a taɓa lakar baya. Su ƙwayoyin T kuwa daga jini kawai ake samunsu. Sharaɗi ɗaya muke so a kiyaye: kyauta ta zama kyauta. Kada a tilasta wa kowa, kada a saye talaka, kuma idan ƙaramin yaro ne zai ba ɗan'uwansa, a yi masa bayani daidai hankalinsa, kada kuma a ɗora masa laifi idan dashen bai kama ba.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Kula da Jini ta Ƙasa, wadda doka ta kafa a 2021, da gwamnatocin jihohinmu na Arewa, su ƙarfafa cibiyoyin karɓar jini, su kuma sa a sami gwajin auna bairas a jini a manyan asibitocin koyarwa da kuɗin da talaka zai iya biya. Duk wanda zai buɗe cibiyar dashe, ya shirya wa kwanaki 100 na bayan dashe kamar yadda ya shirya wa ranar dashen. Muna kira ga shugabannin ikkilisiyoyi da na masallatai, da sarakuna da ƙungiyoyin matasa, su mai da ranar 14 ga watan Yuni, wato ranar masu ba da jini ta duniya, ranar fita ƙwai da ƙwarƙwata, su kuma shugabannin su fara miƙa hannu. Jini ba ya tambayar addini ko ƙabilar mai karɓarsa. Ga samari da 'yan mata kuma, a gwada rukunin jini na sikila tun kafin soyayya ta yi nisa, domin rigakafi ya fi magani. Waɗanda aka riga aka haifa da cutar kuwa 'ya'yanmu ne, hakkinsu yana wuyanmu.

Takardar neman taimako za ta sake zuwa, wataƙila ma a wannan makon. Idan ta zo, mu sa hannu a aljihu kamar yadda muka saba, mu kuma tambayi iyayen ko an yi lissafin watannin da ke bayan dashe. Bayan haka sai kowannenmu ya tambayi kansa, yaushe rabona da in naɗe hannun riga in ba da jini ga wanda ban sani ba? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma ba mu zuciyar bayarwa. Amin.